Yadda Ake Ajiye Jirgin Sama a Hamada Idan Fasinja Ya Ɗauke, Mataki-Mataki

Tun shekarar 2020 da annobar korona ta rufe iyakoki, hotunan jirage a jere cikin hamada suka cika wayoyin jama'a, tambayar da ake yawan yi mini ɗaya ce: wai kai su kawai ake yi, a kashe inji, a ja ƙofa, a dawo gida? Tambayar tana kan hanya, domin a watan Afrilun shekarar jiragen fasinja sama da 16,000 ne ke zaune a ƙasa, kusan kashi biyu bisa uku na jiragen duniya. Amsar dai a'a ce. Don tashi aka ƙera jirgi, zama kuwa cin sa yake yi. Ranar da aka girke shi a hamada ranar ce wani sabon aiki ke farawa, kuma matakin da aka tsallake ba ya nuna kansa sai ranar tashi, wani lokaci da mutane a ciki.

Kafin mu shiga: kowane samfurin jirgi yana da littafin gyaransa daga kamfanin da ya ƙera shi, masu ƙera inji ma suna da nasu daban. Kwanaki da awon da za ku gani a nan na gama-gari ne. A bakin aiki, littafin ne alƙali.

1. A yanke tsawon zaman tukuna

Ajiya iri biyu ce, kuma sai an zaɓi ɗaya kafin a taɓa komai.

Ta farko ita ce ajiyar shirin ko-ta-kwana. Jirgi yana tsaye amma a raye yake: ana tayar da injunansa bayan mako ɗaya ko biyu, ana ba shi wuta, ana motsa fallayen fukafukansa. Idan kasuwa ta buɗe, cikin 'yan kwanaki ya koma aiki. Tana cin ma'aikata da mai kowane mako.

Ta biyu ita ce doguwar ajiya, ta watanni ko shekaru. A nan ana kwantar da injin gaba ɗaya, a cire batura, a toshe kowace kafa. Shigar da shi wahala, fito da shi ta fi wahala, amma tsakanin nan kuɗin wata-wata kaɗan ne. Wannan ce ke kai jirgi hamada.

Waɗanne za a tura? Manya masu inji huɗu ne kan gaba, A380 da Boeing 747 da A340, saboda shan mai da wuyar cikawa. Sai tsofaffi waɗanda babban gyaransu ya kusa. Ƙananan jirage masu zirga-zirgar cikin gida a bar su kusa, su ne za a fara nema.

Hattara: kuskuren da aka fi yi a 2020 shi ne ɗaukar cewa abin na wata biyu ne. Jirage da yawa an bar su a ajiyar ko-ta-kwana ana ta ƙara musu wa'adi, sai daga baya aka koma doguwar ajiya, aka biya kuɗin aiki biyu. Idan lissafi ya nuna zaman zai haura wata uku, gara a rungumi doguwar tun farko.

2. Zaɓen fili

Babban abin da ake nema a hamada shi ne busasshiyar iska. Laima ce ke kawo tsatsa, idan ta haɗu da gishirin teku kuwa abin ya fi muni. Shi ya sa Singapore Airlines da Cathay Pacific suka kwashe jiragensu daga Singafo da Hong Kong zuwa Alice Springs a tsakiyar Ostareliya, inda ruwan shekara bai kai milimita 300 ba. Lufthansa ta kai nata A380 da A340 Teruel a ƙasar Sifen, tudu ne mai tsayin kusan mita 1,000, bushewa da sanyi. Qantas ta kai nata A380 Victorville a Kalifoniya. Kamfanonin Amurka sun cika Victorville ɗin, da Marana da Goodyear a Arizona, da Roswell a Niyu Meziko.

Kafin a sa hannu a yarjejeniya a tambayi waɗannan. Titin saukar zai ɗauki jirgin, faɗi da tsawo? Ƙasar wurin tsayawa za ta ɗauki nauyinsa wata da watanni? Wasu sassan Arizona suna da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi wadda jirgi ke tsayawa a kai ba tare da an zuba kankare ba, amma kwalta mai laushi takan lotsa ƙarƙashin babban jirgi idan rana ta buɗe. Kamfanin gyaran da ke wurin yana da lasisin taɓa irin wannan samfurin, kuma hukumar jiragen ƙasarku ta amince da shi? Suna da isassun hannu? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo a lokacin korona: fili ya cika da jirage, injiniyoyin kuwa adadinsu bai ƙaru haka ba.

Wani zai ce to ga Agadas, ga iyakar Yobe, bushewa har ta yi yawa, me ya hana? Bushewa sharaɗi ɗaya ne cikin da yawa. Ana buƙatar kamfanin gyara mai lasisin hukumomin Turai da Amurka, da hanyar shigo da kayan gyara ba tare da sun kwana a kwastan ba, da tsaro. Ga kuma ƙurar hunturu mai laushi da ke ratsa kowace kafa wata uku ko huɗu a jere.

Hattara: hamada ba ta rasa nata sharrin. Arizona tana da damina daga Yuli zuwa Satumba mai zuwa da guguwar ƙura da iska mai ƙarfi. Rana kuma tana cin roba da fenti.

3. Takardu

Kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne. Idan jirgin na haya ne, ba a kai shi wata ƙasa a kwantar sai da yardar mai shi a rubuce, kuma yakan gindaya sharuɗɗan yadda za a kula da shi. A sanar da kamfanin inshora, domin jirgin da ke ƙasa kuɗin inshorarsa ya fi sauƙi, amma sai an nemi ragin. A sanar da hukumar da jirgin ke da rajista a wurinta. A buɗe kundi na musamman na ajiyar, wanda za mu yi ta komawa kansa a ƙasa.

4. Shiri da tafiya

A yi abin da za a iya yi a gida, inda kayan aiki suke. A kwashe abinci, lemuka, barguna, kekunan rabon abinci da duk abin da zai ruɓe ko ya kira ɓera. A share cikin jirgin sosai, har aljihun kujeru. A wanke jikinsa a cire gishiri da dattin da ya taru, a duba inda fenti ya ɓare a shafe, don tsatsa daga nan take kama hanya. Duk wata matsala da aka ɗage gyaranta a rubuta ta sarai; bayan shekara biyu babu mai tunawa.

Jirgin yana tafiya ba fasinja, matuƙa ne kawai, wani lokaci da injiniya. A lissafa man yadda zai sauka da adadin da littafi ya ce ya zauna a tanki, don sayen mai a can da kawo shi gindin jirgi wani kuɗi ne. A kuma shirya yadda matuƙan za su dawo.

5. Girke shi

Motar jan jirgi ce ke kai shi mazauninsa. A juya hancinsa ya fuskanci inda iska ta fi kaɗowa. A bar tazara tsakaninsa da maƙwabtansa yadda idan iska ta motsa ɗaya ba zai daki ɗaya ba, kuma yadda motar kashe gobara za ta ratsa. Wanda ake sa ran zai fara fita kada a binne shi a tsakiyar layi. Fito da shi sai an ja jirage biyar.

A sa fil ɗin kulle a ƙafafun jirgin don kada su naɗe. A sa weji gaba da bayan tayoyi, sannan a saki birki, domin a doguwar ajiya weji ne ke riƙe jirgi. A haɗa wayar da ke saukar da wutar tsawa ƙasa. Ƙananan jirage a ɗaure su. Sannan a bi ƙafafun da giris a kowace gaɓa, a shafe ƙarfen nan mai sheƙi na cikin ƙafar da man kariya, a lulluɓe tayoyi don rana.

6. Injuna

A nan dukiyar take. Injuna biyu na jirgi matsakaici sukan kai babban kaso na darajar jirgin gaba ɗaya, musamman idan ya kwana biyu, don haka a nan ake daɗewa.

A doguwar ajiya, da farko a tayar da injin ya yi zafi sosai, don ruwan da ke cikin baƙin mansa ya ƙone. A zuba maganin hana tsatsa a baƙin man, a bar shi ya zagaya. Sannan a kori man jirgi daga bututu da famfunan injin, a maye gurbinsa da wani siririn man kariya. Dalili: man jirgi yana ɗauke da ɗan ruwa, idan ya kwanta wata shida a cikin na'urar da ke auna wa inji mai, zai ci ta.

Bayan inji ya huce sai a jera jakunkunan silika a bakinsa da bayansa. Silika ita ce ɗan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, sai dai a nan jakunkuna ne manya, kilo da yawa ga inji ɗaya. Ba a ɗora su kai tsaye a kan ƙarfe; ana shimfiɗa wani abu tukuna. Tare da su ana rataye katin awon laima ta inda za a hango shi daga waje ba sai an buɗe ba. Katin yana da ɗigo-ɗigo shuɗaye. Idan laima ta shiga sai su koma ruwan hoda. Abin da ake so kada laimar ciki ta haura kashi 40 cikin 100. Sai a rufe baki da baya da murfi, a bi gefe da salatif na musamman wanda ba ya barin danƙo a jikin fenti. Ƙaramin injin da ke wutsiya, wanda ke ba jirgi wuta a ƙasa, shi ma haka za a yi masa.

Hattara: a ƙirga jakunkunan silika ɗaya bayan ɗaya, a rubuta adadin a kundi da kuma a jikin murfin. Jaka ɗaya da aka manta a cikin inji ta isa ta jawo asarar miliyoyin daloli a tayarwar farko.

Hattara kuma: injin da aka kwantar ta wannan hanya ba a tayar da shi "don a ji lafiyarsa". Da zarar ya tashi man kariyar ya tafi, sai a sake aikin daga farko. Ko dai ajiyar da ake tayarwa a kai a kai, ko wadda ba a taɓawa; haɗa biyun ɓarna ce.

7. Tankunan mai

Ba a barin tanki fayau. Yawanci ana barin aƙalla kashi 10 cikin 100, don danƙon da ke like haɗin tankin kada ya bushe ya tsage, kuma nauyin man yana taimaka wa jirgi ya zauna daram idan iska ta taso.

Matsalar ita ce ruwa. Hamada zafi da rana, sanyi da dare, wannan canjin yana sa raɓa ta taru a cikin tanki ta kwanta ƙarƙashin mai. A iyakar da ruwa ya haɗu da mai wasu ƙananan halittu ke hayayyafa, su zama wani baƙin kauci mai toshe matata da cin ƙarfen fiffike. Don haka ana tsiyaye ruwan daga ƙasan tanki a kai a kai, ana ɗibar samfur a gwada, idan ya kama a zuba maganin kashe su.

Hattara da awon maganin. A watan Fabrairun 2020 wani A321 na Titan Airways ya tashi daga Gatwick a Landan, injunansa biyu suka rikice, da ƙyar ya juyo ya sauka. Bincike ya gano an zuba masa maganin Kathon fiye da ninki 30 na abin da aka yarda, saboda wanda ya yi lissafin bai fahimci ma'aunin da littafi ya yi amfani da shi ba. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Lissafin maganin mutum biyu ne za su yi shi, kowa daban, sannan a gwada amsoshinsu.

8. Toshe kafofi

Jikin jirgi cike yake da ƙananan ramuka, kowanne da aikinsa, kuma kowanne gida ne ga wani abu mai rai. Mafi hatsari su ne bututun awon gudu, waɗanda ke leƙowa a gefen hancin jirgi, bakinsu bai kai kaurin ɗan yatsa ba, da kuma ramukan awon tsayi da ke shafe a jikinsa. Duk wanda ya ga yadda zanzaro ke cika rami da laka cikin yini guda ya san abin da ake tsoro. A watan Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye, bututun awon gudunsa ɗaya ya toshe, kuma masu bincike sun fi kyautata zaton gidan irin wannan ƙwaron ne.

Saboda haka kowane bututu a sa masa murfinsa mai dogon jan ƙyalle da ake hangowa daga nesa. Ramukan awon tsayi a rufe su da leda da salatif mai launi mai ɗaukar ido. Mashigar iskar sanyaya ɗaki, mafitar iska, ramukan da ƙafafu ke shiga, duk a rufe. Amma ba kowane rami ake likewa ba: mashaƙar tankin mai da ramukan tsiyayar ruwa na ƙasan jirgi raga ake sa musu, iska ta wuce, ƙwaro ya tsaya. Idan aka like mashaƙar tanki, zafin rana zai kumbura iskar ciki har ya yi wa fiffike lahani.

Gilasan ɗakin matuƙa a rufe su da takarda mai ƙyalli don mayar da rana, ba tare da salatif ya taɓa gilashin kansa ba. Tagogin fasinja a sauke labulensu.

Hattara, kuma wannan ita ce babbar hattarar aikin duka: duk abin da aka ɗora a jikin jirgi a rubuta shi a kundi, da lambarsa da wurinsa da sunan wanda ya sa. A rataya sanarwa a kan sitiyarin matuƙi cewa bututu a rufe suke. Murfin da ke kare jirgi a ƙasa shi ne ke kashe shi a sama. A watan Oktoban 1996 wani 757 na Aeroperú ya faɗa teku bayan tashi daga Lima da mutum 70, saboda salatif da masu goge jirgi suka like a ramukan awon tsayi ba a cire ba.

9. Ciki

A tsiyaye ruwan sha da na bayan gida tas, a busar da bututun. A buɗe ƙofofin firji, na murhu da na bayan gida don kada su yi fumfuna. A lulluɓe kujeru da darduma. A cire batura a kai shago inda za a riƙa yi musu caji. Idan an bar su a jirgi, a cire musu waya. A kwance ƙugiyar da ke haɗa ƙofa da matakalar iska ta gaggawa, kada wani ya buɗe ƙofa daga ciki ta fashe masa a banza. Sai a rufe ƙofofi.

10. Zagayen dubawa

Daga nan aiki ya koma na kalanda: na mako-mako, na bayan mako biyu, na wata, na wata uku.

Kowane mako injiniya yana zagaya jirgin a ƙafa. Murfi ya yage? Iska ta ɗaye salatif? Akwai ɗigon mai a ƙasa? Tsuntsu ya fara sheƙa? Katin laima ya canza launi? Idan ya canza, a buɗe, a sauya silika, a gyara adadin a kundi. A auna iskar tayoyi, a ƙara da naitirojin. Bayan mako ɗaya ko biyu a ɗan ja jirgin gaba ko baya, ko a ɗaga ƙafar da jak a juya tayar, don kada gefe ɗaya ya daɗe yana ɗauke da nauyi ya baje. Ana yi wa taya alama da alli don a san inda ta tsaya. A zagayen wata da na wata uku ake ba jirgi wuta, a kunna na'urori, a motsa fallayen fukafukai da na wutsiya, a buɗe ƙofofi iska ta shiga, a sabunta giris.

Hattara da abin da ke kwance a inuwar taya. A lokacin korona, injiniyoyin Qantas a Victorville kowannensu da sandar tsintsiya yake yawo. Kafin ya durƙusa gindin ƙafar jirgi sai ya zagaya yana buga ƙafa a ƙasa, yana dukan tayoyin da sandar, don macizan hamadar masu kaɗa wutsiya da kunamu sun mai da gindin birki wurin hutawa. Ba a zura hannu inda ido bai gani ba.

Zagayen da aka tsallake ba ya wucewa haka nan. Idan kundi ya nuna giɓi, kamfanin da ya ƙera injin yana iya cewa sai an zura kyamara an duba cikinsa, ko ma a sauke shi a kai shago.

11. Ɗibar kaya daga jirgin da ke kwance

Wannan ba ya cikin tsari, amma kowa yana yi, don haka gara a faɗa. Kuɗi ya yi ƙaranci, jirgin da ke aiki yana neman famfo ko kwamfuta, ga irinsa a kwance: sai a ciro. Har inji sukutum ake saukewa a ɗaura wa wani, don a guje wa kuɗin babban gyara. Ba laifi ba ne idan an rubuta, an toshe inda aka cire, mai jirgin kuma ya yarda. A ganina dai a ware jirgi ɗaya ko biyu da aka san da wuya su dawo a riƙa ɗiba a jikinsu, ya fi a bi layi ana tsakurar kowanne, ranar fita a tarar babu guda ɗaya cikakke.

Hattara: jirgin da aka sauke wa injuna nauyinsa ya koma baya. Idan ba a sa masa nauyi a gaba ba, iska kaɗan za ta zaunar da shi a kan wutsiya.

12. Kuɗin

Kuɗin fili shi ne mafi ƙanƙanta, 'yan dubban daloli a wata ga yawancin jirage, gwargwadon girma. Shi ne ma dalili na biyu na zuwa hamada, don manyan filayen jirage na birane suna cajin tsayuwa da tsada ƙwarai. Abin da ke cin kuɗi shi ne hannun ma'aikata: aikin kwantarwa, zagayen kowane mako, sai na tayarwa wanda ya fi su duka. A ƙara man kaiwa da dawowa. A ƙara haya, wadda ba ta san jirgi yana tashi ko yana kwance ba. Sabon jirgi samfurin A320 ko Boeing 737 hayarsa takan kai dala 300,000 ko fiye a wata. A lokacin korona kamfanoni da yawa sun zauna da masu jiragen aka ɗage biya, ko aka koma biyan gwargwadon awannin da jirgi ya tashi.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani sai an zo fita. Wasu kayan jirgi da awannin tashi ake lissafa rayuwarsu, waɗannan suna hutawa. Wasu kuwa da kalanda ne: tukwanen oksijin, na kashe gobara, rigunan ceto, matakalar gaggawa, babban gyaran ƙafafu da ke zuwa bayan shekara 10 zuwa 12. Waɗannan agogonsu bai tsaya ba.

13. Tayar da shi

A fara da wuri, watanni kafin ranar da ake son sayar da tikiti. Qantas ta ce tayar da A380 guda ɗaya yana cin awa 4,500 na aiki: injiniyoyi 10 na wata biyu a hamada, a sauya tayoyi 22 da birki 16, kafin ma a kai shi babban gyara a wani wuri. Lufthansa ta fara fito da nata daga Teruel a ƙarshen 2022, ba su ɗauki fasinja ba sai Yunin 2023. Layin shagunan gyara a lokacin ya yi tsawo, don kowa a lokaci ɗaya ya farka.

Tsarin aikin shi ne a bi kundi daga ƙarshe zuwa farko. Mutum ɗaya yana cirewa, wani daban yana bin sa yana sa hannu. A shimfiɗa murafu da jajayen ƙyallaye da jakunkunan silika a ƙasa a ƙirga. Idan kundi ya ce 40 aka samu 39, babu inda za a je sai an ga cikon. A mayar da batura da duk kayan da aka ara. A tsiyaye ruwan tanki, a gwada man. A wanke bututun ruwan sha da magani. A ɗaga jirgin a kan jak a naɗe ƙafafu a sauke su a ga suna aiki. A sabunta manhajoji, da taswirar hanyoyin sama wadda ke canzawa duk kwana 28. A duba umarnin gyara na dole da hukumomi suka fitar yayin da jirgin ke barci, a aiwatar da su. Sannan a tayar da injuna, a hankali tukuna, daga baya a ba su wuta.

Hattara da bututun awon gudu ko da murfi bai taɓa barin kansa ba. A hura shi daga baya a wanke, a haɗa na'urar gwaji a tabbatar. A watan Yunin 2020 wani A321 na Wizz Air da ya yi mako 12 a ajiye a Doncaster ta Ingila ya katse tashi a kan titi saboda awon gudu ya rikice. Tsutsotsin ƙwari aka samu can cikin bututun. Irin wannan ya yawaita har hukumar jiragen sama ta Turai ta fitar da gargaɗi a kai a watan Agustan shekarar.

Hattara da ƙananan bawul-bawul na inji. A watan Yulin 2020 hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarnin gaggawa a duba Boeing 737 kusan 2,000, bayan sau huɗu inji yana mutuwa a sama. Tsatsa ce ta kama wani bawul na iska ya maƙale a buɗe, kuma umarnin ya shafi duk jirgin da ya yi kwana bakwai kacal a jere bai tashi ba.

Matuƙan ma sai an tayar da su. Doka ta ce matuƙi ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja. Wanda ya wuce haka sai ya koma na'urar koyon tuƙi. A nemi gurbi a can tun da wuri, don ita ma layi gare ta.

Idan wasu gyare-gyaren ba za su yiwu a hamada ba, a nemi izini na musamman daga hukuma na tashi sau ɗaya ba fasinja zuwa shagon gyara. Bayan doguwar ajiya kamfanoni da yawa suna yin tashin gwaji, matuƙa da injiniyoyi kawai, a gwada komai a sama. Injiniya mai lasisi ya sa hannu a takardar sakin jirgi, a mayar da inshorar tashi, a sanar da mai jirgin idan na haya ne. A makonnin farko a sa masa ido fiye da sauran, don ɗigon mai da ƙananan matsalolin lantarki a lokacin suke fitowa, kuma kada a ba shi hanya mai nisa daga gida sai ya yi 'yan tafiye-tafiye gajeru lafiya.